Ƙarfin Doki da Shan Mai a Manyan Motoci: Misali Daga Ƙasar Rano da Kibiya



Duk wanda ya tsaya da kaka a bakin hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Bunkure, ta shiga Rano, ta wuce Kibiya, zai ga irin motocin da arzikin wannan yanki ya rataya a kansu. Zai ga Kanta ta ɗauko buhunan dawa da masara daga ƙauyuka, zai ga tifa da yashi, zai ga tirela ta yi lodin hatsi za ta Dawanau ko Kudu, sa'an nan ga tankar mai tana zuwa tana komawa. A tashoshin da waɗannan motoci suke tsayawa akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu motoci da direbobi da kanikawa, watau shin mota mai babban inji ce ta fi shan mai, ko kuwa mai ƙarami? Wannan gardama ita ce abin da laccar nan za ta duba. Ba ta masu mota kaɗai ba ce, domin duk litar man da aka ƙona a banza tsakanin Kibiya da Ikko, a ƙarshe daga kuɗin manomi ake cire ta, ko a ɗora wa mai sayen kwanon hatsi.

Asalin dokin da ke cikin inji

Idan bakanike ya ce inji kaza yana da doki 370, mai sauraro yakan ɗauka salon magana ne kawai. Alhali kuwa ma'auni ne mai tarihi. James Watt, mutumin Sikotilan, wanda aka haifa a 1736 ya rasu a 1819, shi ne ya gyara injin tururi har ya zama abin sayarwa. Masu sayen injinsa mutane ne da suka saba da dawaki wajen juya dutsen niƙa da jawo ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai, don haka abin da suke so su ji shi ne dawaki nawa injin zai tsaya a madadinsu. Sai Watt ya ƙayyade cewa ƙarfin doki ɗaya shi ne ɗaga nauyin laba 33,000 tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. A ma'aunin da Jamus da Faransa suke bi, doki ɗaya shi ne ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Ma'aunan biyu sun yi kusa da juna ƙwarai.

Ya kamata a lura da kalmar "cikin daƙiƙa ɗaya", don a nan ma'anar take. Ɗan dako ma yana iya ɗaga buhu mai kilo 75 ya kai shi bisa mota. Abin da ba zai iya ba shi ne ya riƙa yin haka kowace daƙiƙa, tun safe har yamma. Ke nan ƙarfin doki yana auna saurin da ake gama aiki ne. Fatake na dā da suke bin hanyar Gwanja sun san wannan bambanci tun kafin zuwan mota. Madugu ya san jaki ya fi doki jimirin kaya da ƙarancin ci, doki kuma ya fi jaki sauri da tsadar riƙo, kuma babu madugun da zai ɗora mangalar kanwa a kan ingarma don kawai yana da ƙarfi. Kowace dabba da aikinta da irin hanyarta.

Injin da manyan motoci suke amfani da shi kuwa na Rudolf Diesel ne, Bajamushe, wanda injinsa na farko mai aiki sosai ya tashi a garin Augsburg a 1897. An zaɓe shi don ɗaukar kaya saboda ya fi injin fetur tatse amfanin mai. Duk da haka, ko inji na zamani mai kyau yawanci ba ya mayar da rabin ƙarfin da ke cikin mai ya zama tafiya. Kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari yake samu, saura ya tafi a zafi ta lagireto da salansa. Tsohon inji da ya gaji yana ƙasa da haka nesa.

Lambar da ke jikin ƙofa

Yawancin mutane suna ganin lambobi a jikin manyan motoci ba su san magana suke yi ba. Kamfanin Mercedes-Benz ya daɗe yana rubuta wa motocinsa suna da lamba mai kashi biyu: na farko nauyin mota da kayanta gaba ɗaya a tan, na biyu kuma ƙarfin injin idan an ƙara masa sifiri. Shahararriyar 911 ɗin nan mai gajeren hanci, wadda ta yi shekaru tana ɗaukar gyaɗa da shanu da mutane a ƙasar Hausa, ma'anar lambarta ita ce tan 9, doki 110. Haka 1113 tan 11 ce mai doki 130, 1924 kuma tan 19 mai doki 240. A motocin DAF na ƙasar Holan, waɗanda suka yi yawa har sunansu ya zama sunan kowace babbar mota a bakin jama'a, lamba irin 430 da ke bayan sunan ita ce yawan dawakin. Haka 371 da ake gani a jikin Howo ta ƙasar Sin.

Abin lura a nan shi ne maƙerin mota ya haɗa lambobin biyu ne da gangan. Yana cewa wannan inji an yi shi ne domin wannan nauyi. A ƙasar Hausa kuwa ba da tan ake sanin mota ba. Da taya ake saninta, a ce mai taya shida, mai taya goma, mai taya goma sha biyu, sa'an nan da buhu, a ce tana cin buhu ɗari uku. Lafazin "tana ci" ɗin nan yana da abin dubawa, domin iyakarsa cikin bodi ne. Muddin akwai wurin da za a ƙara buhu, ko a ƙara wa bodin tsawo da katako, to mota ba ta ƙoshi ba. Lambar farko ta jikin ƙofa ba ta shiga lissafin 'yan lodi da 'yan kamasho.

A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta kafa masana'antun haɗa motoci guda shida tare da kamfanonin Turai, huɗu daga ciki na manyan motoci ne: ANAMMCO a Inugu mai haɗa Mercedes, Steyr a Bauchi, Leyland a Badun, da National Trucks Manufacturers a kan hanyar Zariya a Kano mai haɗa Fiat. Da waɗannan suka raunana daga tsakiyar shekarun 1980, sai kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin da suka gama aiki a Turai, daga baya kuma sababbi na ƙasar Sin suka shigo. Motar da aka ƙera domin shimfiɗaɗɗun titunan Holan da tsaftataccen mai, ita ce yau take shiga ƙauyukan Tarai da Rurum cikin ƙurar hunturu.

Ina man yake tafiya?

Abu uku ne suke hana babbar mota tafiya, kuma a kansu take ƙona mai. Akwai gogayyar taya da ƙasa, wadda take ƙaruwa daidai da nauyi, ta kuma ƙaru idan iskar taya ta yi ƙasa ko hanya ta lalace. Akwai iskar da mota take tsagawa. Sai kuma hawa.

Na biyun shi ne wanda direbobi suka fi rainawa, don ba a ganinsa. Turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tana ninkuwa ne. Idan direba ya tashi daga gudun kilomita 60 a awa ya koma 90, gudunsa ya ƙaru da rabi, amma turjiyar iska ta ninka sau biyu da kwata, ƙarfin da injin zai bayar don karya ta kuma ya ninka fiye da sau uku. Ko daga 80 zuwa 90 kawai, turjiyar takan ƙaru da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. In kuma an yi wa mota tozon kaya sama da kan direba, an rufe da tamfol yana kaɗawa, to an ƙara faɗin bangon da take turawa.

Yanzu a ɗauki mota mai nauyin tan 40 gaba ɗaya, a yi mata lissafi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya mai kwalta, tana gudun kilomita 60 a awa, abin da take bukata bai wuce doki ɗari da 'yan kai ba. Amma idan ta iso hawan da yake tashi mita 5 a kowace mita 100, tana so ta riƙe gudun kilomita 40, hawan kaɗai zai nemi doki kusan 300, ban da na taya. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ƙera inji mai doki 400 ko fiye. Ba a kan hanyar Bunkure zuwa Rano za a bukace su ba. Ana bukatarsu ne idan mota ta bi ta dajin Falgore ta nufi tudun Jos, wanda tsayinsa ya kai mita 1,200 daga teku, ko kuma idan tanka ta taso daga Ikko da cikakken lodi tana haurowa Arewa.

To, a nan ne amsar gardamar take. Injin dizal ba ya shan mai gwargwadon dawakin da aka rubuta masa, yana sha ne gwargwadon dawakin da aka nema daga gare shi a wannan lokaci. Mota mai doki 430 da take tafiya a kan doki 110 ba ta ciyar da sauran 320 ɗin, sai ɗan abin da girman injin kansa yake ci. Bugu da ƙari, babban injin dizal ya fi tattalin mai idan yana juyawa a hankali da nauyi a kansa, wajen juyi 1,100 zuwa 1,500 a minti, inda maƙera suke shafa koren fenti a agogon da ke gaban direba. Inji mai isasshen ƙarfi yana iya zama cikin koren nan a babbar giya ya haye ƙananan tuddai ba tare da an sauko ba. Wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa kuwa, dole direba ya yi ta saukowa ƙananan giyoyi, ya taka totur har ƙasa, injin yana kuka a ƙarshen juyinsa, ya shafe rabin awa a hawan da waccan ta gama cikin minti goma. Irin wannan mota ce ake gani tana tafiya kamar hawainiya, karen mota yana biye da ita da katakon waigi a hannu.

Sai dai kada a ɗauka babban inji ya tsira. Aibinsa yana wurin mai tuƙa shi. Dawakin da suka rage suna kiran ƙafar direba, kuma mota da take iya gudun 100 da lodi, da wuya a ga an bar ta a 60 idan hanya ta buɗe. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a awa a kan tagwayen hanyoyi, 50 a sauran manyan hanyoyi, kuma tun watan Fabrairu na 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya. An yi dokar ne domin rayuka, amma da masu motoci sun yi lissafi, da su ne za su fi kowa son ta, saboda ita ce hanya mafi arha ta rage kuɗin mai.

Lissafin da ba a rubutawa

Tambayar da aka saba yi ita ce, lita nawa motar nan take sha zuwa Ikko? Tambayar da ta fi amfani ita ce, lita nawa kowane buhu ya sha? A ɗauka, don misali kawai, wata tirela ta ɗauki tan 30, watau buhu 300 masu kilo ɗari-ɗari, tana shan lita 45 a kowace kilomita 100. Tafiyar Kano zuwa Ikko kimanin kilomita 1,000 ce, ke nan lita 450, kowane buhu ya ci lita ɗaya da rabi. Wata ƙaramar mota kuma ta ɗauki tan 6 tana shan lita 18 kacal. A tasha za a yabe ta da rashin shan mai, alhali kowane buhu nata ya ci lita uku. Idan kuma tirelar ta dawo babu kaya, sai a ɗora man dawowa a kan buhunan da ta kai. Wannan ya sa samun lodin dawowa ya fi duk wani gyaran inji tasiri, kuma nan ne tankar mai take da nakasu na asali, don ba ta da abin da za ta ɗauka zuwa Kudu.

Mutanen Rano ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Garin da tarihin Hausa Bakwai ya haɗa da Kano a matsayin sarakunan baba, a yau an fi jin sunansa a jikin gidajen mai da tankoki, saboda kamfanin A.A. Rano na Alhaji Auwalu Abdullahi Rano. Dalilin da ya sa dakon mai da mota ya zama babbar sana'a a Arewa shi ne matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, da bututun da yake kawo mai ma'ajiyar Hotoro a Kano, sun daina wadatar da yankin, jirgin ƙasan da ya iso Kano tun 1911 shi ma ya ja baya. Sai ya zama ana ƙona mai don a kawo mai.

Gaskiya ce mai ɗaci cewa lissafin buhu ɗin nan shi ne yake sa a yi wa mota lodin da ya wuce kima. Mai mota ya san idan ya ƙara buhu ɗari a kan ɗari uku, man ba zai ƙaru da kashi ɗaya bisa uku ba, don haka riba yake gani. Abin da bai shiga littafinsa ba shi ne hanya. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ɓarnar da gatarin mota yake yi wa kwalta tana ninkuwa sau goma sha shida idan nauyin da ke kansa ya ninka sau biyu. Ƙa'idar ECOWAS ta ba gatari mai jan mota tan 11.5. Idan aka kai shi tan 16, ɓarnarsa ta kusa ninkawa huɗu. Ma'aikacin da yake tsara kasafin gyaran hanyar Rano zuwa Kibiya ya kamata ya san cewa motoci ƙanana dubu ba su kai tirela ɗaya mai wuce kima cin kwalta ba, kuma hanyar da ta fashe tana komawa ta ƙara wa kowace mota shan mai, har da ta wanda ya fasa ta. Daga 1 ga Maris 2025 hukumar kula da harkar mai ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi, bayan munanan haɗurran da aka yi ta samu.

Akwai kuma al'adar da mai mota yake yanke wa direba man tafiya, ya ce lita kaza za ta kai ka ta dawo da kai, abin da ya rage naka ne. Tana da amfani, domin takan sa direba ya lura da ƙafarsa. Amma ita ce kuma take haifar da sakin mota a firi a gangara don a tsimi mai. Wannan dabara ba ta da tushe. Injin dizal da yake cikin giya, aka ɗaga ƙafa daga totur, yakan yanke mai da kansa, nauyin motar ne yake juya shi, yana kuma taimaka wa birki. A firi kuwa injin yana shan na zaman banza, an kuma bar wa birki tan 40 shi kaɗai har ya yi zafi ya ƙi kamawa. Haka barin inji yana aiki a tsaye, a shingen bincike ko a layin lodi ko da dare don tsoron kada batir ya ƙi tashi, yana cin lita biyu zuwa uku kowace awa ba tare da taya ta motsa ba.

Baƙin hayaƙin da wasu direbobi suke ɗauka alamar ƙarfi, mai ne da bai ƙone ba. Yawanci daga ɗayan biyu ne, ko nozul ya lalace, ko matatar iska ta toshe da ƙura, abin da yake faruwa da sauri a watannin hunturu. Wasu kanikawa kuma sukan buɗe famfon mai don a ƙara wa inji ƙarfi, alhali iskar da za ta ƙona ƙarin man ba ta ƙaru ba. Sababbin injuna masu kwamfuta sun fi tsimi, amma ba sa yafe gurɓataccen mai, wanda aka gauraya da kananzir ko ruwa ya shige shi.

Ba kowane kaya ne yake jure tafiyar hankali ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwanta yake bi ta Ruwan Kanya zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, tumatir ya zama babban kayan da yankin yake aikawa kasuwar Mile 12 ta Ikko. Dawa tana iya kwana huɗu a hanya ba ta san an yi ba, tumatir kuwa kowace awa raguwa yake yi a kwando. Direban tumatir da ya ƙona ƙarin lita hamsin don ya isa kafin kayan su ruɓe, lissafinsa daidai ne ta fuskar ciniki. Abin da zai rage masa gudu shi ne a rage masa tsayuwar da yake yi a hanya, ko a samar da motoci masu sanyi.

Wannan magana ta ƙara nauyi ne saboda farashi. A farkon 2022 litar man dizal tana wajen naira 300, kafin ƙarshen shekarar ta haura 700, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. A farkon 2024 ta wuce naira 1,500 a wurare da dama, har ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO ta dakatar da dakon mai na ɗan lokaci a watan Fabrairu. Da matatar Ɗangote ta fara sayar da nata, ta sa shi naira 1,000 a watan Afrilu na 2024. A kan wannan farashi, bambancin lita 45 da lita 55 a misalin da ya gabata ya kai naira 100,000 a zuwa ɗaya.

Daga ƙarshe akwai wata matsala ta harshe da ta taso, wadda ta shafi ɗaliban Hausa kai tsaye. Direbobi da masu gidajen mai sun daɗe suna kiran man dizal da sunan "gas". Yanzu kuma ga motoci masu tafiya da matsattsiyar iskar gas sun shigo. A 2025 kamfanin Ɗangote ya ba da sanarwar kawo irinsu 4,000 don rarraba mai, ga kuma bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka fara shimfiɗawa a 2020. Idan direba a tashar Rano ya ce motarsa gas take sha, sai an sake tambayarsa wanne. Na iskar ba a auna shi da lita ko jarka, da kilo ake auna shi ko da faɗin da ya cika, tulunansa kuma suna da nauyin da yake rage buhunan da mota za ta ɗauka. Gidajen rediyon Kano da masu fassara takardun hukuma su ne za su fara cin karo da bukatar raba sunayen biyu, tun kafin tasha ta raɗa nata.